Kwali Biyu Maimakon Tuwo

Shekara goma sha ɗaya Kapambwe ya yi yana cin tuwona a kasuwar Kitwe, bai taɓa buɗe baki ya ce ya yi daɗi ba. Ni ma ban taɓa kiransa da sunan arziki ba. Shi ɗan Bemba ne, ni 'yar Ngoni daga gabas. Kakanninmu sun gwabza yaƙi har suka gaji, suka ajiye makamai, suka bar mana wasa. Mbuya muke kiran juna, taubasai ke nan. Su ce mana maciya ɓera, mu ce musu maciya biri, kuma duk abin da ya fito daga bakin mbuya ba a kai shi ƙara, ba a kwana da shi a ciki. In an yi musu mutuwa mu ne masu haƙa kabari da girki da ba mutane dariya, in an yi mana su ne. Haka muka taso muka tarar.

Ƙarfe ɗaya na rana zai jingine baronsa a jikin rumfata, ya goge wuya da tsumma, ya leƙa tukunya yana yatsina fuska.

"Ke 'yar ɓeraye, yau kuma wane mushe kika dafa?"

"Ƙanenka ne, daga kan bishiya aka harbo shi. Zauna ka ci ɗan'uwanka."

"Allah ya isa tsakanina da wanda ya koya miki girki."

"Amin. Wanke hannu, ƙazami."

Kafin ya kama turin baro, shekara goma sha tara ya yi a ƙarƙashin ƙasa yana fasa dutsen jan ƙarfe. Rana ɗaya aka tara su a bakin ƙofa aka miƙa wa kowa takarda, shi ke nan aiki ya ƙare. Ɗan abin sallamar da aka ba shi, ciwon matarsa ya cinye shi tas. Mwaba, wato Maman Chola, ta yanke jiki ta faɗi a bakin famfo wata safiya, ɓarin jikinta na dama ya shanye, tun daga nan ba ta ƙara ɗaga tukunya ba. 'Yarsu guda, Chola, tana aure can Mpika da nata 'ya'yan da nata talaucin. Shi yake yi wa matar wanka, shi yake taje mata kai, har kalaba ya koya da waɗannan yatsu nasa masu kama da rogo. Sai ya zaunar da ita a kujera kusa da taga, ya dama mata kunu, sannan ya fito neman dako.

Faranti biyu yake saya a wajena kullum. Ɗaya ya ci a kan bencina yana zagina, ɗayan in juye masa a tsohuwar langarsa ta aikin rami, ya ɗaure ta da roba a hannun baro, da yamma ya kai wa Mwaba gida a Wusakile.

Abu uku ramin ya bar masa: tari, da ido mai hazo, da imani da rubutu. Wannan na ukun ku riƙe shi. Ya sha gaya mini, "A ƙasa, in allo ya ce kada a shiga, to kada ka shiga. Na ga waɗanda suka yi wa allo gardama, a buhu aka fito da su. Baki yana ƙarya, mbuya, musamman naki. Rubutu ba ya yi."

Ba mashayi ba ne, kada wani ya gaya muku haka. Ranar Asabar kawai yake leƙa mashayar Sikazwe da ke bayan kasuwa, ya sayi kwali ɗaya na burkutun kamfani, irin mai kaurin nan da sai an girgiza kafin a yage baki, ya zauna da tsofaffin abokan rami su zagi waɗanda suka kore su. Kwali ɗaya, ya tashi ya tafi gida da ƙafafunsa.

Shekarar da damina ta ƙi, garin masara ya yi tsadar da ban taɓa gani ba. Na ƙara kuɗin faranti sau biyu cikin wata huɗu, ba don mugunta ba, ni ma 'ya'ya gare ni. A shekarar ce kuma tarin Kapambwe ya ƙi tsayawa, asibiti suka ce tarin fuka ne, suka ɗora shi a kan ƙwayoyi na wata da watanni, suka ce ya ci abinci sosai, ya bar giya. Ya ci abinci sosai. Wannan magana a bakin ma'aikacin asibiti ba ta da nauyi ko kaɗan. Ƙarfinsa ya ragu, masu kaya suka fara tsallake shi suna kiran masu jini a jika. Wata rana ya sayi faranti biyu, wata rana ɗaya da rabi. Langar Mwaba dai ba ta taɓa tafiya ba a cike ba.

A tsakiyar wannan ne hukuma ta tara mu masu sayar da abinci, aka yi mana bita ta kwana uku a kan tsabta da abinci mai gina jiki. Aka ba mu farin zanen ɗaurawa a gaba, da takardar shaida, da wata doguwar takarda mai jerin abinci, kowanne da lamba a gefensa. Kalori sunan abin, ma'aunin ƙarfin da abinci yake zuba wa jiki. Malamar ta ce har kamfanin burkutu ya fara buga irin wannan lamba a jikin kwalinsa, don masu sha su gani su ji tsoro su rage, saboda giya tana tara teɓa. Na ji wannan da kunnena. Na dawo na manna takardar a jikin rumfa ina hura hanci, kowa ya zo sai na karanta masa nawa ne a cikin wake, nawa ne a cikin ƙananan kifi. Wallahi har kunyar kaina nake ji in na tuna.

Ranar wata Talata ya zo da kwalin burkutu wanda ba komai a ciki, ya tsinto shi a kwata, ya ɗauraye. Bencina cike da 'yan dako da masu sayar da gwanjo.

"Malama mai takardar shaida, karanta mini nan. Sabon rubutu ne, da babu shi."

Na karɓa na ɗaga shi sama kamar mai wa'azi. "Kalori ɗari huɗu da ashirin. Ƙarfin da ke ciki ke nan."

"Tuwonki fa?"

Na juya na duba takardata. "Faranti guda da ganye da wake, ɗari bakwai da hamsin."

Sai shaiɗan ya hau harshena. Na ga mutane sun tsaya da loma a hannu suna jira, ni kuwa ban taɓa barin dariya ta wuce ni ba.

"Ka ga kwali biyu sun fi farantina ke nan, ga shi kuɗinsu bai kai nasa ba. To me kake jira? Tashi ka je wajen Sikazwe ka ci abincin rana, ka ba mutane wuri. Dama ku 'yan Bemba tauna wahala take ba ku."

Rumfa ta kaure da dariya, har wani ya ƙware. Kapambwe ma ya yi dariyar. Amma da aka lafa sai ya matso da kwalin kusa da idonsa, ya bi lambar da ɗan yatsa.

"Maimaita. Ɗari huɗu da nawa?"

"Da ashirin, kurma."

"Gwamnati ta san da wannan rubutun?"

"Ai ba a buga ƙarya a jikin kwali."

Sauran maganar malamar, cewa don a rage sha aka rubuta, tana bakina a lokacin. Na haɗiye ta, don za ta ɓata wasan.

Washegari ya miƙo langa kawai. "Na Maman Chola. Ki cika, kada ki yi mini irin awonku na 'yan gabas."

"Naka fa?"

"Na ci."

Na ji warin a bakinsa, amma na ɗauka cikon wasan jiya ne, yana so ya rama. Na ce masa a gaishe da sabon mai abincinsa, Sikazwe. Kwana uku, sati guda, wata guda, langa kawai. Ƙarfe goma sha biyu zai shiga wajen Sikazwe, ya girgiza kwali biyu, ya sha a tsaye kamar mai shan magani, ya haɗiye ƙwayoyinsa na asibiti a kai, ya koma ga baro. Ba ya hira, ba ya maye, ba ya tangaɗi. Abin da ya rage masa na kuɗin farantina yana saya wa Mwaba sabulu da man zafi.

Da na ga abin ya wuce wasa, sai na tare shi. Na kwance farin zanen gabana, na ja shi bayan rumfa inda ba kowa, na kira shi da sunan da ban taɓa kiransa da shi ba.

"Baban Chola, ka tsaya ka ji. Maganar rannan wasa nake yi. Wannan abin ba abinci ba ne. Rubutun an yi shi ne don masu ƙiba su rage sha. Kana shan maganin tarin fuka, an ce maka ban da giya."

Ya waiga hagu da dama yana neman inda 'yan kallo suka ɓuya. Sannan ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi.

"Baban Chola. Yau kuma da wannan kika ɓullo? Kai, 'yan Ngoni, ba dai dabara ba."

"Na rantse da Allah ba wasa nake ba."

"Giya ita ce ta kwalba, mai kumfa, ta 'yan ofis. Wannan kunu ne da ya kwana. Masara ce da dawa, abin da kike tuƙawa shi suke damawa. Ko lambar ƙarya ce?"

"Lambar gaskiya ce, amma..."

"To shi ke nan. Ciniki ne ya kuɓuce miki, shi ne kike kuka. Ki yi haƙuri, mbuya, har yanzu ina sayen guda."

Wannan ita ce ta fi ƙona mini rai, don ba shi kaɗai ya faɗe ta ba. Duk wanda na kai wa ƙara a kasuwa, dariya yake yi ya ce Maman Dalitso, wato ni, na rasa mai sayen tuwo. Na je wajen Sikazwe na ce ya daina sayar masa. Ya ɗaga kafaɗa ya ce shi bai taɓa ganin mutumin a buge ba, ya kuma nuna mini wata ƙatuwar takarda da masu wayar da kai suka manna masa a bango. Hoton wani mutum ne mai laktaye ɗaure a wuya, tumbinsa ya ɓalle maɓallin riga, yana riƙe da kwali, a ƙasa an rubuta a karanta kafin a sha. Sikazwe ya ce kaf mashayarsa mutum ɗaya ne yake karantawa kafin ya sha, kuma a ƙarƙashin hoton nan yake tsayawa, yana cewa in Allah ya yarda shi ma sai ya kai haka. Ko waye ya zana hoton nan, bai taɓa zuwa unguwar da ƙiba take nufin an huta ba.

Na gwada ba shi kyauta. Na cika faranti na dangwara masa. Ya duba, ya ce, "Ashe kina da imani," ya juye shi a leda, ya ce yau Maman Chola za ta ci sau biyu. Rana ta gaba na riƙe langar na ce ba zan bayar ba sai ya ci a gabana. Ya yi loma uku, ta huɗu ya tashi da sauri ya zaga bayan rumfa ya amayar. Cikin ya riga ya manta da tuwo. Ya dawo yana goge baki yana cewa jama'a ku shaida, yau dai ta sa gubar da ta daɗe tana nema. Aka yi dariya.

A hankali fatar wuyansa da bayan hannuwansa ta yi baƙi ta fara saɓewa kamar ƙasan tukunya. Ya ce rana ce. Ƙafafunsa suka kumbura har ya yanke bayan takalmansa na rami. Hannuwa suka zama sanda. Sai kuma ciki ya fara tasowa, ƙato, a ɗaure tamau. Ranar da ya lura da shi ya zo rumfata ya ɗage riga yana bubbuga shi.

"Kalli nan, maƙaryaciya. Shekara goma sha ɗaya ina cin tuwonki, kin taɓa ajiye mini wannan?"

'Yan dako suka kama kiransa Manaja. A asibitin unguwa kuwa in ya je karɓar magani, a ɗora shi a sikeli a ga nauyi ya ƙaru, a tambaye shi yana cin abinci, ya ce sau biyu a rana, yana shan giya, ya ce Allah ya kiyaye. A ganinsa bai yi ƙarya ba. Layi ya kai bakin titi, wa yake da lokacin ɗaga masa riga?

Saura mutum ɗaya da zai iya tsayar da shi. Wata Lahadi bayan coci na hau mota zuwa Wusakile, na tabbatar ba ya nan, don ranar Lahadi da rana yake zuwa ɗibar ruwa. Tun daga hanya nake shirya maganar a bakina. Na tarar da Mwaba a kujerarta kusa da taga, fes da ita, an yi mata kalaba karkatacciya, kumatunta cike. Da ta gan ni rabin fuskarta mai rai ya washe. Maganarta a hankali take fita, tana jan harshe, amma zagin bai mutu ba.

"Ɓarauniya. Kin zo ki ga ko na mutu ki gaje mini miji?"

"Wa zai gaji wannan tsohon biri? Ko kyauta aka ba ni."

"Ai kin riga kin mallake shi. Ya ce kullum sai kin ɗura masa faranti biyu da rana, shi ya sa da yamma ko loma ba ya iya yi da ni. Kin ga cikin da kika ajiye masa?" Ta kamo hannuna da hannunta mai aiki ta matse. "Allah ya biya ki, mbuya. Girkinki ba daɗi, amma Allah ya biya ki."

Ga langar nan a kife a kan tebur, an wanke ta. Na san matar nan. In na gaya mata, daga ranar ba za ta ƙara buɗe baki a sa mata tuwo ba, sai in rasa su biyu. Haka na gaya wa kaina, kuma wataƙila gaskiya ne. Amma akwai wata gaskiyar a ƙarƙashi: in na fara ba ta labarin, dole in kai ga wanda ya karanta masa kwalin. Na ce mata ai mijinta ci gare shi kamar gara. Muka yi dariya, na sha ruwa, na tafi.

Bayan sati biyar ya faɗi. Tsakar rana ce, yana tura buhu huɗu na kabeji a gangaren layin masu kifi, sai ƙafafu suka naɗe, baro ya kife. Aka sauke kabejin, aka ɗora shi a cikin baronsa, haka aka tura shi har bakin titi, ni ina biye da langa a hannu, ban ma san na ɗauko ta ba.

A babban asibiti wata nas mai suna Sista Mundia ta buɗe idonsa ta ga ya yi ruwan ɗorawa, ta danna cikin, ta duba wuyan. Ta tambayi me yake ci. Na gaya mata duka, tun daga ranar Talatar. Ita 'yar Lozi ce, babu wasa tsakanina da ita, nan take ta yarda. Sama da shekara ina neman wanda zai yarda da maganata, sai ga shi na samu a wurin da ba ta da sauran amfani.

"Ruwa ne a cikin nan, Mama, ba ƙiba ba," in ji ta. "Hantar ta gaji. Ga ƙwayoyi masu ƙarfi, ga giya kullum, ga yunwa. Mutumin nan yunwa yake yi tun bara."

"Lambar fa?"

"Lambar daidai take. Ƙarfin yini take aunawa. Ba ta ce akwai abin da zai yi jini ko tsoka a ciki ba, ba ta kuma faɗi abin da giyar take ci a jiki ba. Ai ba don irinsa aka rubuta ba."

Ba don irinsa ba. To don wa? A unguwarmu wa yake shan burkutun kwali in ba irinsa ba? Ban tambaye ta ba, ba ita ta buga ba.

Kwana tara ya yi a gadon. Kullum in na sauke tukunyar rana sai in kai wa Mwaba langa, in ce mata zazzaɓi ne, sannan in wuce wajensa. Wani lokaci hankalinsa yana tafiya, ya ɗauka yana cikin rami yana kiran sunayen matattu. Rana ta bakwai na same shi garau. Ya daɗe yana kallona.

"Mbuya. Kuskure kika yi wajen karantawa, ko?"

"A'a. Daidai na karanta."

"Ɗari huɗu da ashirin."

"E."

"To rubutun bai yi ƙarya ba."

"Bai yi ba."

Ya tsura wa silin ido, leɓensa yana motsi, yana sake haɗa biyu da biyu. Lissafin bai fita ba. Na ga bai fita ba, kuma har ya mutu bai fita ba.

"Kada Mwaba ta ji," in ji shi. "Ta ɗauka a wajenki nake ci."

"Ba za ta ji ba."

"Kuma kada ki bar jana'izata ta yi sanyi. Na san ku da rowa, har dariya sai kun auna."

Na ce masa ya mutu tukuna mu gani. Wannan ce maganata ta ƙarshe da shi.

Mu 'yan Ngoni muka haƙa kabarin, mu muka dafa abincin makoki. Abin da ya ƙi shiga cikinsa da ransa, ranar tukunya shida na tuƙa. Da aka dawo daga maƙabarta jama'a suka cika tsakar gida da bakin layi, tsofaffin 'yan rami da 'yan dako da matan coci. Aka fito da Mwaba a kujerarta aka ajiye ta a bakin ƙofa, Chola tana zaune a ƙasa kusa da ƙafarta. Lokacinmu ya yi. 'Yan'uwana suka bi dangin mamaci suna shafa musu garin masara a fuska, suna cewa sai sun fanshi kansu, tasa tana zagawa ana jefa 'yan canji na taimakon gida. Aka ce ina Maman Dalitso, ai nata ne, ita ta fi kowa sanin asirinsa.

Na sa takalmansa yankakku, na cusa zane a cikin riga na yi tumbi, na ɗauki baronsa na zaga fili ina tari ina zagin masu kaya. Mutanen da suka yini suna kuka suka fara darawa. Na kwaikwayi yadda yake leƙa tukunya. Na kwaikwayi yadda yake kitso. Wani ya miƙo mini kwalin burkutu daga cikin waɗanda aka saya wa masu haƙa, na karɓa na ɗaga sama, sai idona ya faɗa kan lambar.

Zan faɗi gaskiya a nan. Abin ya cika mini ciki, ina so in fitar da shi, kuma na san a bakin mbuya ba wanda zai ɗauka. Na ga hanya ce ta in sauke kayana ba tare da na biya komai ba.

"Jama'a, kun san wa ya kashe wannan biri? Ni ce. Ni na karanta masa wannan rubutun, na ce kwali biyu sun fi tuwona, ya je ya sha. Ya kuwa tafi. Shekara guda da wata biyu bai ci abincin rana ba, bai ci na dare ba. Faranti ɗaya yake saya, ya kawo gidan nan, ya ce ya ƙoshi. Tumbin da kuke kira Manaja ruwa ne. Yunwa ce ta kashe shi a tsakiyar kasuwar abinci, ina tsaye da muciya a hannu."

Fili ya ɗauka. Tsofaffin 'yan rami suna dukan cinya, wata mata tana share hawayen dariya da gefen zane. Wani ya ce, "Wannan mata ba ta da mutunci." Tasa ta cika har aka juye aka sake zagawa. Har yau ana cewa ba a yi jana'iza mai daɗin ta Kapambwe ba a Wusakile.

Na juya don in ajiye kwalin, sai muka haɗa ido da Mwaba. Garin da aka shafa mata yana nan fari a goshinta. Ba ta dariya. Ba ta kuka. Ta dube ni, ta sauke ido ta dubi hannunta mai kumari a kan cinya, ta sake dubana. Ita ce take zaune a gabansa kowace yamma tana ci yana kallo. Ba ta buƙatar kowa ya rantse mata.

Chola ta so tafiya da ita Mpika, ta ƙi, ta ce a ɗakin nan za ta jira. Wata maƙwabciya ce take yi mata wanka yanzu. Kumatun sun zube. Kullum ƙarfe biyu nakan bar 'yata a rumfa in hau mota in kai mata langa, rabi take ci, wani lokaci ko rabin ba ta kaiwa. Kamfani yana nan yana buga lambarsa, hoton mai tumbi yana nan a bangon Sikazwe, rana ta ɗan koɗe shi. Takardata ta kalori kuwa na hura wuta da ita.

Watannin farko nakan shiga da zagi a bakina kamar da. In ce mata tsohuwar birinya, ba ki mutu ba har yanzu? In ce yau ɓera na soya miki, da jelarsa. In tsaya ina jira. Sai ta sa hannunta mai aiki ta karɓi langar, ta ajiye a kan tebur, ta ɗan sunkuyar da kai kamar yadda ake yi wa baƙuwa daga coci.

"Na gode, Maman Dalitso. A gaida gida."

Yau shekara biyu ke nan, ba ta ƙara zagina ba.